Wasiƙar Roni: Butar Tagulla da Hantar Yaro

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi wa 'yan'uwa gargaɗi.

Makon jiya na sauka gidan wani ƙanena a nan Roni, na tarad da matarsa tana shayar da goyonta ruwa daga butar tagulla ta kayan ɗakinta. Da na leƙa cikin butar, sai na ga ta yi kore shar. Wannan kore kuwa jan ƙarfe ne da ya narke.

Jiki yana bukatar jan ƙarfe kaɗan, hanta ce kuma ke fid da rararsa ta madaciya. Amma hantar jariri ba ta ƙosa ba tukuna. Idan ya yi mata yawa sai ya taru ya ɓata ta, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, mu kuwa mu ce shawara ce.

Ba tatsuniya nake yi ba. A lardin Tirol na ƙasar Ostiriya, jarirai 138 suka mutu da ciwon hanta tsakanin 1900 da 1974, gama ana dafa musu madara cikin tukwanen jan ƙarfe. Da aka bar tukwanen, cutar ta ɓace. Haka likitocin Pune a Indiya suka gano wajen 1983 game da tukwanen tagulla. A Jamus kuwa ruwan rijiya mai tsami ne ya riƙa cin bututun jan ƙarfe. Masana sun ce akwai gado cikin abin, watau ba kowane yaro yake kamawa ba. To, wa ya san wane ne nasa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada jan ƙarfe ya wuce miligiram 2 cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

Saboda haka, ya ku malamai da akawuna na Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, ku gaya wa iyalinku: kada ruwan yaro ya kwana cikin tagulla, balle nono, gama tsami shi ya fi cin ta. Randa da ƙwarya sun wadatar. Tagulla a bar ta a jere don ado. Wanda ya ga idon ɗansa ya sāke, ya kai shi asibiti da wuri.

Matar ƙanen nawa dai ta mai da butar bisa jere. Allah ya raya mana zuriya, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Roni.