Manoman Bomo da Basawa, Ina Hanyarku?

Jama'a, ku kasa kunne! Tun 1922 ake binciken noma a Samaru. To, iri mai kyau ya samu, amma ta ina masararku za ta bi zuwa kasuwar Sabon Gari? Damina na sauka, hanyar ƙauye sai caɓi. Direba ya ninka kuɗin mota, dillali ya karya muku farashi tun a bakin gona. Mai naƙuda kuwa, a kan babur ake kai ta asibitin Shika!

Wai babu kuɗi? Harajin kasuwa fa, ina yake shiga?

Mu za mu sa burji da kwalbatoci cikin kasafin kuɗi, daga ƙauyukanku har titin Sakkwato. Ku ba mu ƙuri'a, ku adana takardar nan shaida.