Kashin Karnuka da Batun Iskar Mithen

A biranen Turai da Amurka, inda karnukan gida suka yawaita, kashinsu mai yawa na ƙarewa ne cikin leda a bola, inda yake ruɓewa babu iska, yana fitar da mithen. Wannan iska, wadda ƙwayoyin halitta ke samarwa yayin ruɓewa, tana riƙe zafi fiye da iskar kabon dayoksaid sau tamanin da ɗoriya cikin shekara 20, ko da yake takan gushe daga sararin samaniya bayan kimanin shekara 12.

A shekarar 2010, wani mai zane, Matthew Mazzotta, ya kafa tanki rufaffe a wurin shaƙatawar karnuka a birnin Kambirij na jihar Masacusets, wanda ya riƙa tara mithen daga kashin karnuka da ake zubawa a ciki, ana kunna fitila da ita, domin ƙona mithen yana mayar da ita kabon dayoksaid mai ƙarancin illa. Wutar ba ta da yawa, amma ya kamata hukumomin birane su faɗaɗa wannan dabara zuwa ragowar abinci da kashin dabbobi, musamman a ƙasashen da suka yi alƙawarin haɗa kai wajen rage mithen da ake fitarwa a duniya da kashi 30 cikin ɗari zuwa 2030.