Kafin Mu Zuba Kuɗi A Tanderun Lantarki, Mu Tambayi Maginan Tukwane

Jama'a, duk lokacin da aka taso da maganar koya wa mata da matasanmu ginin tukwane, sai ka ji an ce a sayo tanderun lantarki irin na Turai. Mu dai a ganinmu wannan shi ne zaɓi na ƙarshe, musamman idan kuɗin karo-karo ne za a taɓa.

Wace irin tukunya muke so mu yi? Daga nan ya kamata a fara. Randa da tulu da kasko, waɗanda iyayenmu ke toyawa a matoya da itace da ciyawa, ba sa buƙatar zafin da ya wuce digiri 800 ko kusa da haka. Wannan ƙarancin zafin ba kasawa ba ce. Shi ke barin ƙananan ƙofofi a jikin yumɓu, randa ta riƙa tsattsafo, ruwa ya yi sanyi ba firji. Shi ne kuma ya sa ake ɗora tukunyar ƙasa a kan murhu ba ta tsage ba. Tangaran kuwa, mai santsi da ƙyalli, sai zafi ya haura digiri 1,200, kuma jan yumɓun da muka saba da shi narkewa yake yi kafin a kai can.

Mu duba abin da ya faru a Suleja, lokacin ana kiranta Abuja. A farkon shekarun 1950 wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a can. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan Naira 20, ta shiga a 1954. An gasa tukwanenta da zafi mai tsanani, suka yi kyau har aka baje kolinsu a Landan, amma sun yi nauyi, sun daina sanyaya ruwa, sun koma kayan ado. Kuma tanderun da ya yi wannan aikin na itace ne, ba na lantarki ba.

To, ita wutar ma tana ina? Gashi ɗaya yakan ci awa takwas ko fiye, babu yankewa. A ɗauke wuta a tsakiya, aikin mako biyu ya shiga haɗari. Unguwannin da ke samun wuta sosai kuma, 'yan Band A, tun Afrilun 2024 aka ninka musu kuɗi fiye da sau uku. Maganar janareta ma kada a soma.

Idan randa da kasko da tukwanen fulawa za a yi, a gina matoya mai bango da tubali, wuta ta ƙasa, hayaƙi ya fita ta sama. Tana rage cin itace, tana rage fashewar da iska ke jawowa a gashin fili, kuma magini na unguwa zai iya gyara ta. Sai dai a gari mai cunkoso kamar Legas ko Ibadan, a nemi fili a bayan gari, don maƙwabta ba za su jure hayaƙi ba.

Idan kuwa kofuna da farantan tangaran ake nufi, na gas ya fi. Amma kafin a biya ko sisi, a kai yumɓun da za a yi aiki da shi wurin mai irin tanderun, a gasa gwaji a gani. Haka kuma a tabbatar babu dalma a maganin ƙyallin da za a shafa wa kwanon abinci.