Jagoran da Ya Tsufa Yakan Ɓatar da Matafiyi

A zangon karatun da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar kwamfuta muka shafe yammaci guda a ɗakin gwaji muna ƙoƙarin gina wa kwamfutocinmu katangar tsaro, watau tsarin da ke tantance saƙon da zai shiga da wanda za a tare. Muka samo wani jagora kyauta a intanet, bayaninsa dalla-dalla, muka bi shi layi-layi, amma duk umarnin da muka buga sai na'ura ta ce ba ta san shi ba. Sai da magariba ta kawo jiki wani daga cikinmu ya lura cewa jagoran na ipchains ne, kayan aikin da ya zo da Linux 2.2 a 1999. An maye gurbinsa da iptables a 2001, sa'an nan nftables ya shigo a 2014. Ashe mun yini muna bin taswirar garin da aka sake wa tituna har sau biyu.

Ba mu ɗora wa marubucin laifi ba, kuma bai kamata kowa ya ɗora masa ba. Tun 1992, lokacin da Matt Welsh ya assasa shirin tattara littattafan koyon Linux, mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka duƙufa suna rubuta ƙananan jagorori da ake kira HOWTO, ba tare da an biya su ko kwabo ba. Olaf Kirch ya rubuta littafi sukutum a kan haɗa kwamfutoci, wanda shi da Terry Dawson suka sabunta a 2000. Ɗalibin da aljihunsa ba ya iya ɗaukar kuɗin littafin waje ya san irin alherin da waɗannan mutane suka yi masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, aikin sa kai yana da farin jini wajen farawa, amma ba ya da magada wajen gyara. Wanda ya rubuta sabon jagora sunansa na kan shafin farko. Wanda ya zauna ya haɗa tsofaffi biyar masu maimaita juna, ya tsame abin da ya daina aiki, ba safai ake tunawa da shi ba. Marubuci ya sami aiki ko ya yi iyali, ya ajiye alƙalami, rubutunsa kuwa yana nan yana yawo. Sabon shiga ba shi da hanyar gane wanda ke raye da wanda ya mutu. Yau sai ya tare wa ma'aikatansa hanya, gobe ya bar ƙofar ma'aikatarsa a buɗe yana tsammanin ya kulle.

Wasu za su ce da tsohuwar zuma ake magani, domin tsofaffin jagororin sukan fi na yanzu bayyana tushen al'amari. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a ƙone su ba. Masu tsara intanet sun daɗe da warware wannan. Takardunsu da ake kira RFC sun faro ne ranar 7 ga Afrilu, 1969, da alƙalamin Steve Crocker, wanda a lokacin ɗalibi ne a wata jami'a a Los Angeles ta Amurka. Ƙa'idarsu ita ce, takarda in ta fito ba a sake taɓa ta, amma in ta tsufa sai a nuna lambar wadda ta gaje ta. Misali, RFC 2616 ta 1999, mai bayanin yadda shafukan intanet ke isowa gare mu, an maye gurbinta a 2014, magadan nata ma aka maye nasu a 2022. Tsohuwar tana nan ga mai son tarihi, amma ba ta yaudarar kowa.

To, 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Takardun darasi nawa muke gada daga waɗanda suka gabace mu, ba kwanan wata, ba sunan na'urar da aka gwada su a kai? A ofisoshi nawa ne bayanin yadda aka haɗa kwamfutoci yake cikin kan mutum guda, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kuwa kowa ya shiga duhu?

Shawararmu uku ce. Na farko, kowane jagora ya ɗauki kwanan wata da sigar manhajar da aka gwada shi a kai. Na biyu, inda jagorori suka yi karo da juna a haɗe su wuri guda, tsofaffin a rubuta musu a sama ƙarara cewa an maye gurbinsu, a nuna magajin. Na uku, kowane jagora ya zama yana da mai kula da shi, wanda zai miƙa wa na baya kafin ya kammala karatu. Muna kuma roƙon malamanmu su riƙa karɓar irin wannan gyara a matsayin aikin da ake ba maki.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu dai mun fara da takardun ɗakin gwajinmu, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai son sa hannu.