Ƙasa na cin bola, amma ba ta cin leda

Jama'a, duk wanda ya ratsa kasuwar Dakoro bayan ta watse ya san abin da ake bari a ƙasa: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon albasa, kashin dabbobi, baƙin man babura, ga kuma leda ko'ina. Mun saba haɗa su wuri guda mu cinna wuta, hayaƙin ya koma cikin ƙirjin ƴaƴanmu.

Alhali Allah Ya ajiye mana ma'aikata a cikin ƙasa da ba sa neman ko dala. Su ne ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, da funfuna irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Abincinsu shi ne abin da muke kira ƙazanta. Suna cinye ta, su mai da ita taki. Har man fetur suna ci. A 1989, da jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska ta Amurka, taki aka watsa a bakin teku don ƙwayoyin nan su yawaita su cinye man. Sai dai aikin yana son haƙuri: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni a Najeriya zai iya kai shekara 30.

To, amma kowane ma'aikaci da iyakarsa. Ƙwayoyin nan ba sa narkar da dalmar da ke cikin batir. Leda kuwa sai ta shekara da shekaru a ƙasa tana nan. Gaskiya ne a 2016 masana a Japan sun gano wata ƙwaya mai cin robar gorar ruwa, amma a hankali take ci, kuma ba ledar cefane ba ce. Kafin ilimi ya kai can, ledarmu tana shiga tumbin awaki da shanu. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun fede dabba. A garin da kiwo ne jarinsa, wannan asara ce ta kowa.

Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda, amma har yau da ita ake ƙulla gishiri da mai.

Don haka muna kira ga iyayenmu mata da ƴan kasuwa: a raba shara tun daga rumfa. Mai ruɓewa ya tafi rami, a haɗa da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama takin da masu lambu za su saya. Leda da batir a ware su daban. Masu gyaran babura su tara baƙin mai a jarka, kada ya bi ruwan damina zuwa tabkin da dabbobi ke sha.

Ga magajin gari kuma, buƙatarmu ba ta da tsada: fili kusa da kasuwa, da amalanke biyu masu kwasa, ɗaya ta mai ruɓewa, ɗaya ta leda.