Idon Na'ura a Kan Wasiƙun Ma'aikata: Tsaron Amana ko Bin Diddigi?

Duk matashin da ya samu aiki a babban banki ko kamfanin inshora a yau, ya kamata ya san cewa wasiƙar imel ɗin da yake aikawa daga ofis ba tsakaninsa da wanda ya rubuta wa kaɗai take ba. Akwai manhaja da ke bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, tana neman kalmomin da ke nuni ga cin hanci, ko fitar da sirrin abokan hulɗa, ko haɗa baki wajen murɗe farashi. Idan ta yi shakkar wani saƙo, sai ta miƙa shi ga jami'in bin doka na kamfanin ya duba.

Abin yana da dalili. Bayan rugujewar kamfanin Enron na Amurka a 2001, wasiƙun ma'aikatansa kusan rabin miliyan sun fito fili a yayin bincike. A 2012 an ci bankin Barclays na Ingila tarar fam miliyan 290 saboda murɗe ma'aunin kuɗin ruwa na Libor, kuma saƙonnin ma'aikatansa na cikin hujjojin da suka tona asirin. A 2021 hukumomin Amurka sun ci JPMorgan tarar dala miliyan 200 domin ma'aikatansa sun riƙa yin zancen aiki ta WhatsApp da wayoyinsu, inda babu mai adana shi. Dukiyar da ake wasa da ita a irin waɗannan wurare ta jama'a ce, har da ajiyar marayu da fanshon tsofaffi.

Saboda haka ba mu ga laifin kamfani ya sa ido a kan kayan aikinsa ba. Akwatin imel na ofis amana ce a hannun ma'aikaci, kuma mai amana yana da haƙƙin bincika yadda aka riƙe ta.

Sai dai kowane haƙƙi yana da iyaka. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin sirrin mutane, kuma malaman da suka yi rubutu a kan hisba, irin su Mawardi, ba su yarda ma'aikacinta ya tono abin da ke ɓoye ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Masu shari'ar zamani ma sun biyo kusa da nan. A 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan wani injiniya ɗan Romaniya da aka kora bayan an karanta hirarsa da ɗan'uwansa da budurwarsa a manhajar aiki, domin kotunan ƙasarsa ba su tabbatar an sanar da shi girman sa idon tun da farko ba. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a yi amfani da bayanan mutum bisa dalili na halal kuma a bayyane.

Kiranmu ga kamfanoni shi ne su sanar da ma'aikaci a rubuce abin da ake dubawa, su tsaya a kan abin da ya shafi aiki. Na'ura ba ta san raha ba, ba ta san habaici ba. Zarginta zato ne, ba hujja ba. Kada a kori kowa kafin mutum mai adalci ya karanta saƙon, ya ji ta bakin mai shi. Jami'in da ya ci karo da rashin lafiyar wani ko rikicin gidansa, ya rufa masa asiri. Kuma idon ya hau kan shugabanni kamar yadda ya hau kan ƙananan ma'aikata, domin ɓarna mafi girma daga sama take gangarowa.

Ku kuma ɗalibai da ma'aikata, ku raba zancen iyali da akwatin ofis, kada kuma ku kai zancen ofis inda kuke ganin ba a gani. Wanda ya gyara rubutunsa don tsoron manhaja kaɗai, ranar da ya gano inda idonta bai kai ba zai koma gidan jiya. Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana a ɓoye da sarari.