Allon Shago Da Harshen Masu Gari

A shekarar 1977 lardin Kwibek na ƙasar Kanada ya kafa doka cewa kada a rubuta allon shago da wani harshe sai Faransanci. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta soke wannan sharaɗi a 1988, kana a 1993 aka yarda a haɗa da wasu harsuna muddin Faransanci ya fi fitowa. Lalle akwai darasi a nan ga hukumomin Ikko.

Tun 2006 Jihar Ikko take da hukumar LASAA mai lura da alluna da tallace-tallace, a 2018 kuma ta yi dokar raya Yarbanci. Babu laifi mai gida ya so harshensa. Amma in har wata rana magana ta kai ga allunan kasuwa, to, a ce a ƙara Yarbanci, kada a ce a goge Hausa. Baƙon da ya sauka daga mota a Agege ko Mile 12, da allon Hausa yake gane inda zai ci tuwo, ya kuma tambayi masauki.

'Yan Arewa mazauna Kudu su ma kada su jira doka. Su rubuta Yarbanci ko Ibo kusa da Hausa a allunansu tun yanzu, domin mai saye yakan tsaya ne inda aka gaishe shi da harshensa.